Wadda Ta Ba Rigima Baya

Shekara tara na yi ina sayar da gyaɗa da rake a ƙofar silima a Kumasi, ban taɓa sa ƙafa ciki ba. Babanmu ya ce ranar da ya ji na shiga, in nemi wani uban. To, ban shiga ba. Amma silimar ba ta da rufi, komai ta saman katanga yake fitowa: harbin bindiga, sukuwar dawaki, waƙar Indiyawa, ihun 'yan kallo in an kama mugu. Da kunne na san fim. Ina zaune gaban farantina zan ce maka yanzu za a kashe wani, kuma a kashe shi. Fuskar ko ɗaya daga cikinsu ban taɓa gani ba.

Sai da na haura sittin, a New York, na zauna na kalli fim daga farko har ƙarshe. Shi kuma, ikon Allah, ba ya magana.

Aikin kula da tsofaffi nake yi a lokacin. Wata 'yar zangonmu da za ta koma gida ta bar mini wani tsohon Bature a nan Bronx, hawa na huɗu, ya wuce casa'in. Ni ke yi masa wanka, in dafa, in wanke, in ba shi magani. Ban yi boko ba, ban san baƙi ba. 'Yarsa ce ke zuwa ran Lahadi ta zuba maganin a ɗan akwati mai gida-gida, ni kuma in bi gidajen bi da bi. Turancina na kasuwa ne, amma ya ishe mu faɗa. Ina ce masa Baba, yana ce mini Mama, alhali ya isa ya haife ni.

Idonsa ya tafi. Ba duka ba: yana bambance haske da duhu, yana ganin gefe-gefe, amma duk abin da ya sa a gaba sai ya zama kamar an shafe shi da toka. Duk da haka kullum bayan abincin rana sai ya ce, “Mama, sa mini faifan.” Faifai ɗaya ne, yana kan talabijin. In sa masa, in koma kicin. Ban zo Amurka kallo ba.

Wata rana ina goge tebur idona ya faɗa kai. Fim ne na zamanin da ba a iya ɗaukar murya ba. Baƙi da fari, mutane na tafiya sauri-sauri kamar kaji an watsa musu tsaba, baki na motsi, ba ka jin komai sai kiɗan fiyano da aka ɗora daga baya. Jefi-jefi hoto ya ɗauke, rubutu ya fito a baƙin allo. Ni ba na karantawa, shi ba ya gani, amma ya haddace rubutun tas. Da kiɗan yake gane inda aka kai, sai ya faɗi abin da ke allon, har da maƙale murya in mace ce ke magana.

Labarin ba wani mai tsawo ba ne. An fasa shagon mai gyaran agogo aka kwashe kaya, aka kama wani magini da bai ji ba bai gani ba, matarsa ta shiga lungu-lungu tana neman ɓarawon gaskiya, 'yan sanda suka bi ɓarawon da gudu a titi, aka ƙare a kotu. A farko-farko akwai inda mutum uku ke shiga shagon da rana. Ina riƙe da tsumma na ce, “Wancan mai hular hana-sallar, shi ne ɓarawon.”

Baba ya juyo da kunnensa wajena. “Kin taɓa kallonsa ne?”

“Ina zan kalle shi? Wanda ya zo saye, kaya yake kallo. Wanda ya zo sata, ƙofa yake kallo.”

Ya yi dariya har da tari, sai da na ba shi ruwa. Da ya lafa ya ce, “Ajiye tsumman nan, zauna. Uwata na cikin fim ɗin nan.”

Ga yadda abin yake. Uwarsa a jirgin ruwa aka kawo ta ƙasar nan tana budurwa. Shi a tela ya san ta, mace mai ji da kanta, ba ta fita sai da hula da safar hannu ko ana zafi. Sau ɗaya tak, yana yaro, suna wucewa ta gaban wata silima da ta liƙa tsohon hoton fim ɗin, ta ce masa, “Ina cikin wannan.” Da ya girma ya tambaye ta, ta ce ya bar maganar. Ta rasu bai sake ji ba. Bai samu fim ɗin ba sai da ido ya fara barinsa. Hotonta ɗaya yake da shi, tana wajen shekara hamsin, da hula. Shi da 'yarsa sun yi shekaru suna duba matan da ke zaune a kotu a ƙarshen fim ɗin, masu huluna, ba su gan ta ba.

“Kina da ido,” in ji shi. “Nemo mini ita.”

Na ce to, kamar yadda ake ce wa tsoho to. Nakan zauna, in duba, in ce ban gani ba tukuna, in tashi in dafa shayi. Babu gaggawa.

Gaggawar ta zo ne da ya faɗi a banɗaki wata Lahadi, ranar da ba na zuwa. Bai karye ba, amma 'yarsa ta tsorata. Ta samo masa gado a gidan kula da tsofaffi, can nesa da gari, kusa da inda take zaune. Juma'a mai zuwa ta sama za a kai shi, kwana goma kenan. Ɗaki ne na mutum biyu, talabijin ɗaya, kuma ba ni a can. Da ta gama faɗa masa bai yi musu ba. Abin da ya ce kawai, “To Mama, kwana goma gare mu.”

'Yar ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Ita ma ba yarinya ba ce, da furfurarta, ga gajiya a ido.

“Anti, ki taimake ni. Ki zaɓi ko wacce. Ta biyu daga hagu, mai fure a hula, tana da kyau. Ki ce ita ce.”

“Ita ce?”

“Wa ya sani? Wa zai ƙaryata ki? Duk sun mutu.”

“To ke ki faɗa masa mana.”

“Ni ya san muryata in ina ƙarya, tun ina ƙarama.”

“Ni kuma bai san tawa ba, shi ya sa kike so in fara a kansa.”

Ta dafe goshi. “Ba cuta ba ce, Anti. So nake ya tafi hankalinsa kwance.”

Na ce mata na ji. Ban ce zan yi ba. Kafin ta tafi na sa ta nuna mini maɓallin da ke tsayar da hoto, da wanda ke mayar da shi baya. Na ɗiga musu jan farce don kada in ɓata.

Daga ranar zama ya gagare ni. Mata goma sha ɗaya ne a kotun, na ƙirga su har na gaji. Na sa musu suna a raina: mai fure, mai dogon wuya, mai hamma, wadda takalmi ke matse wa. In tsayar da hoto, in matso har hancina ya kusa taɓa gilashi, in koma in dubi Baba. Shekara biyu ina wanke mutumin nan, na san kunnensa, na san haɓarsa, na san kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama sauka, na san yadda babban yatsansa ke lanƙwashewa. A wurinmu yaro ya ɓata a kasuwa, tsohuwa za ta dube shi sau ɗaya ta ce ɗan gidan wane ne. Na duba kunne goma sha ɗaya, haɓa goma sha ɗaya. Babu tasa.

“Mai dogon wuyan fa?” in ji shi.

“Ba ku haɗa komai ba.”

“Sake dubawa.”

“Baba, in na sake dubawa wuyanta ba zai gajarce ba.”

A bas ma ban huta ba. Duk Baturiyar da ta shigo sai na bi kunnenta da kallo, har wata ta tashi ta sake kujera. Na tsaya sallar la'asar na rasa raka'a nawa na yi, saboda mai hamma ta zo ta tsaya mini a gaba. Na ƙona shinkafa, abin da rabona da shi tun ina amarya.

A unguwar Soundview ɗaki ɗaya muke haya da wata 'yar Maraɗi, ƙanwar bayana ce a shekaru, tana da tebur a titin 116 inda take sayar da turaren wuta da man kaɗanya da gyale. Bakinta ba ya gajiya. Da na ba ta labari ta ajiye ludayi ta riƙe ƙugu.

“Lalle duniya! Yaya Hajiya 'yar silima! Ke da kika zare wa jikokinki wayar talabijin ran salla?”

“Aiki nake yi.”

“Aiki! Gobe sai mu ji kin sayi baƙin tabarau. Ke dai ki ce mai furen ce, ki huta ki hutar da mu. Ƙaryar da za ta kwantar da hankalin tsoho ai sadaka ce.”

“Sadakar da ni ba zan so a ba ni ba.”

“Wa zai ba ki? Ke ko makancewa kika yi sai kin shinshina kin ce ba ita ba ce.”

Na juya na ci gaba da aikina. Amma maganarta ta zauna mini. Ran Laraba, saura kwana biyu, an riga an fara ɗaure kayansa a kwalaye, falon ya yi fili, muryarmu har amsawa take. Muka kai kotu karo na uku a ranar. Baba ya daina faɗin rubutun allo. Ya zauna hannu a gwiwa, ya karkata kai yana ƙoƙarin kamo hoton da gefen ido. Na dubi mai fure. Wallahi bakina ya buɗe. Na ce, “Baba…” Ya ce, “Na'am?” da wata irin murya ta yaro. Na ce, “Shayinka ya huce.” Na tashi na shiga kicin na tsaya gaban famfo.

Da na tashi aiki ban iya tafiya gida ba. Na shiga jirgin ƙasa na sauka 116, wai in taya 'yar Maraɗi kwashe kaya. Rana ba ta faɗi ba, titi cike. Muna naɗe gyale sai ihu ya tashi daga can sama: wani ya fizge wa wata mata waya ya zuba da gudu, mutum biyu na binsa. Kowa ya juya. Masu shago suka fito ƙofa, masu tafiya suka tsaya, wani har ya hau kan dakali don ya gani da kyau. 'Yar Maraɗi ko waiwaye ba ta yi ba. Ta warware mayafinta ta shimfiɗa kan teburin, ta kifa a kai da hannu biyu, ta ba rigimar baya. Ni kuma sai na ga hannuna danne da ɗaya gefen mayafin. Ban san lokacin da na kama ba.

Haka muke yi. Ba wanda ya koya mana da baki. Ranar da aka fara dambe a ƙofar silima na miƙe ina kallo, na juyo na tarar da rabin gyaɗata ta tafi, kuma ba masu damben ne suka ɗiba ba. Tun daga ranar, in rigima ta tashi, mai talla farantinta take kallo.

Ina danne da mayafin nan sai wani abu ya faɗo mini a rai. A fim ɗin, wurin da 'yan sanda ke bin ɓarawo, titin gaske ne da mutanen gaske, kowa ya juya yana kallo. Kowa? Sau nawa na wuce wurin ina sauri in kai kotu, amma wani abu a can ƙasa, a kusurwa, ya sha taɓa mini ido.

“Yaya, sake mini mayafi, an gama. Ko aljanun silimar ne suka tashi?”

Ran Alhamis na riga lokacina zuwa da awa guda. Ban jira abincin rana ba, na sa faifan Baba na cin burodi. Na wuce shago, na wuce lungu, na kai gudun. Ɓarawo ya sha kwana, 'yan sanda biyu a bayansa, jama'a sun dare. Na danna jan farce.

Tana nan. A kusurwar dama, rabin jikinta ma hoton ya yanke. Budurwa da ɗankwali, ba hula ba, tsohuwar riga mai kauri, gabanta amalanke cike da tuffa. Duk titin ya fuskanci hagu, ita kaɗai ta fuskanci kayanta. Ta ɗago ƙyallen da ke ɗaure a gaban rigarta ta rufe tuffar, ta buɗe hannu biyu ta kifa a kai. Na saki hoton ya motsa kaɗan. Da masu gudun suka wuce ta ɗago, ta waiwayo, ba su ta kalla ba, mai ɗaukar hoton ta harara, harara irin ta wadda aka tare wa ciniki. Ƙiftawar ido uku, shi kenan. Na mayar baya. Na sake mayarwa. Da ta miƙe tsaye, kafaɗar hagu ta fi ta dama sauka.

“Me ya faru da kiɗan?” in ji Baba. “Kin ɓata faifan?”

“Baba, zan faɗa maka abin da na gani. Ban ce ita ce ba. Abin da na gani zan faɗa.”

Na faɗa masa: ɗankwali, amalanke, tuffa, ƙyalle, harara, kafaɗa. Ban ƙara gishiri ba.

Fuskarsa ta ɗaure. “Uwata ba ta taɓa talla a titi ba. Tela ce.”

“To.”

“Ba ta fita ba safar hannu!”

“Na ji.”

“Kwana goma, abin da kika samo mini kenan? Mai tuffa?”

Na ce, “Mai tuffa ma uwar wani ce.” Na kwashe kwanuka na tafi kicin, ina jin zafin maganar. Na wanke abin da na riga na wanke. Falon shiru, ba kiɗa, hoton na tsaye inda na bar shi.

An jima na ji, “Mama.” Na fito.

“Hannun nata. Yaya ta yi da shi?”

Na fara kwatance da baki, na ga ba zai shiga ba. Sai na jawo ɗan teburin gabansa, na kama hannayensa biyu na buɗe su, na kifa shi a hankali kan farantin burodin, na juya masa kai gefe, haɓa a kafaɗa. Na ce, “Haka.”

Bai ɗago ba. Yana kife a wurin ya fara magana, muryar na fita daga ƙarƙashin hannunsa. Ya ce in babansa da ƙanin babansa suka fara faɗa a kan tebur, ko aka yi hayaniya a matakala, ko gilashi ya fashe a titi, uwarsu ba ta duba ko waye. Ƙyallen girkinta take ɗagowa ta rufe abinci, ta kifa a kai, ta ba su baya. Har wasa suke yi da ita, shi da yayarsa: su buga ƙofa da ƙarfi don su ga ta rufe burodi. Ta bi su da ludayi. Ba su taɓa tambayar daga ina ta samo wannan ba.

Na taimaka masa ya zauna daidai. Na miƙa masa tsumma mai tsabta, na dubi taga har ya gama.

“Me ya sa ba ta faɗa ba?” in ji shi.

Na ɗauke farantin burodin daga gabansa. Jikokina sun san na yi aikin Hajji, sun san na aurar da 'ya'ya biyar. Ba wanda ya san na zauna shekara tara a ƙofar silima, inda 'yar mutunci ba ta zama, ina ƙwala kiran gyaɗa. Amma wannan ba maganarsa ba ce.

Ya sa na ja kujerarsa gefen talabijin, dab da gilashi, ya karkata kai yadda kusurwar za ta faɗo a gefen idonsa mai aiki. Na ɗora yatsansa a wurin. Ban san me ya gani ba. Ya ce, “Mayar.” Na mayar. Ranar ba mu kai kotu ba, ba mu ga an saki maginin ba.

Ran Juma'a 'yarsa ta zo da mota da maza biyu masu ɗaukar kaya. Ya riga ya faɗa mata ta waya. Ta tsayar da hoton, ta ɗauke shi da wayarta, ta buɗe shi da yatsu biyu har fuskar ta zama ɗigo-ɗigo. Ta tare ni a bakin lifta, ta rage murya.

“Anti, tsakaninki da Allah. Kin tabbata, ko kin yi abin da na roƙe ki ne da wayo?”

“Da zan yi abin da kika roƙa, da mai hula na ba shi. Ya fi son ta.”

“Amma kin tabbata?”

“Ban kasance a wurin ba. Kafaɗarta irin tasa ce. Irin taki ce ma, gyara tsayuwarki.”

Ta kai hannu kafaɗarta ta hagu, ta bar shi a wurin.

Aka fito da Baba a keken guragu, faifan a cinyarsa, ya hana a sa shi a kwali. Na gyara masa hula, na ce ya riƙa cin abinci, kada ya yi wa mutanen can taurin kan da yake yi mini. Ya kama gefen mayafina.

“Mama, hararar nan. Sosai ta harare shi?”

“Sosai. Da ni ce mai ɗaukar hoton, da na kwashe kayana na bar mata titin.”

“Ita ce,” in ji shi. Ƙofar lifta ta rufe yana dariya.

Na koma ciki na share falon, duk da ba wanda ya sa ni, na ajiye makulli inda aka ce in ajiye.